Bin sawun dawar Baba: kundin aikin da na sa a gaba

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau kwana 43 da rasuwar Baba, Allah Ya gafarta masa. Bayan la'asar Inna ta kira ni ɗakinsa, ta nuna mini koren akwatin ƙarfen nan da tun muna yara muke ganinsa a ƙarƙashin gado, ba mai taɓawa. Ta ce, "Kai ka yi allo ka yi boko. Buɗe ka duba, in da haƙƙin wani a ciki a fitar kafin a zauna maganar gado." Mabuɗin ya daɗe da ɓata, sai da na kira maƙerin bakin layinmu ya fasa kwaɗon. Na ba shi naira 1,500.

Na tarar da littattafai uku masu bangon kwali, duka da ajami, da ƙunshin rasiɗai ɗaure da zare, da hoto ɗaya. A hoton Baba ne da sauran ƙuruciyarsa, yana tsaye jikin tirela shaƙe da buhuna, a bayansa ga wani dogon bututun hayaƙi. Rasiɗan duk tambari ɗaya ne a kansu, na wani ƙaramin kamfanin abin sha da ya taɓa aiki a gefen Legas. Ba zan rubuta sunansa ba, ba kuma zan faɗi unguwar ba, don 'ya'yan mai shi suna raye kuma ban ji ta bakinsu ba.

Na taso a nan Agege ina jin ana cewa Baba ya yi harkar dawa da kamfani, kamfanin ya mutu, shi kuma ya koma kan goronsa a Zango. Iyakar sanina ke nan. Ban san giya kamfanin yake yi ba sai yau da na karanta ƙananan haruffan da ke ƙasan tambarin. Na daɗe a zaune da takardar a hannuna.

Na ƙudurta zan bi abin nan har ƙarshensa. Zan karance littattafan, in nemi waɗanda suka san kamfanin tun suna da sauran numfashi, in rubuta yadda ya tashi da yadda ya durƙushe. Gaba da komai, in gano ko Baba ya tafi da bashin wani a wuyansa. Zan riƙa ajiye abin da na yi a nan, har da abin da na kashe, don 'yan'uwa na Funtuwa da Kano su riƙa gani.

Lahadi, 12 ga Janairu

Mako guda ina fama da littafi na farko, kullum bayan isha'i, in na gama duba aikin ɗalibaina. Rubutun Baba irin na zaure ne mai kaurin alƙalami, kuma ba ya sa wasali sai ya ga dama. Kaf da wau da ra suna iya zama kaura, suna iya zama kura, sai lissafin gefe ya raba gardama. Na mayar da shafi 31 zuwa boko.

Shafin farko yana ɗauke da shekarar 1988, kuma a nan bakin zaren yake. A farkon wannan shekara ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga ƙasashen waje, alhali da shi ake yin giyar kwalba da lemon malt duka. Tun a 1986 an shigo da shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa. Nairar da ke kafaɗa da kafaɗa da dala, kafin shekarar ta ƙare sai da aka riƙa neman uku zuwa huɗu kafin a sami dala ɗaya. A 1987 aka rufe ƙofar alkama. Kamfanonin ba su da mafita sai su juya ga abin da ƙasar nan ke nomawa, wato dawa da masara. Dawa kuwa a gonakinmu take. Baba ya zo Agege ne sarin goro kamar yadda iyayensa suka yi, amma yana da dangi a Funtuwa da abokan ciniki a kasuwar Dandume, sai hanya ta biyo ta kansa.

A shafukan da na kwafe na ƙirga tirela 9. Farafara ta fi yawa, kaura kaɗan. A gefen layi biyu ya rubuta "sun ƙi", babu ƙarin bayani. Wannan sai Baffa.

Asabar, 18 ga Janairu

Na je wurin Baffa a kasuwar Mile 12. Shi ne ƙanin Baba, kuma shi yake raka motocin a wancan lokaci. Na same shi a rumfarsa ta albasa, na jira ciniki ya lafa, muka koma bayan buhuna muka zauna.

Hanyar kaɗai ta cinye mana sa'a guda, don har yau yana iya jero ta kamar karatun sallah: Funtuwa, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun, sannan Ikko. Da rani kwana uku, da damina yadda Allah Ya yi. Ya ce tamfal ɗin mota shi ne rabin arzikin ɗan kasuwa, domin in ruwa ya taɓa dawa tsakanin Ilori da Badun, kafin a iso ta fara fumfuna daga ƙasa.

A nan na gane "sun ƙi". In mota ta iso, ba a sauke ta nan take. Wani ma'aikaci ne zai zo da ƙarfen sokawa ya ɗebi ƙwaya daga buhuna daban-daban, ya ƙirga guda 100 ya shimfiɗa a jiƙaƙƙen ƙyalle, a jira kwana biyu zuwa uku a ga nawa za su tsiro. Kamfani ba tuwo zai yi da dawar ba, tsironta yake so, saboda haka dole ƙwayar ta kasance da rai. Wadda ta tsufa a rumbu, ko ƙwaro ya huda, ko aka zuba mata magani ya yi yawa, ba ta tsirowa. In ta faɗi gwajin, mota tana tsaye a bakin ƙofa, direba yana ƙirga kuɗin kwana. Sai Baba ya bi matan da ke dama koko da masu kunu yana sayar musu buhu ɗai-ɗai a kan asara. Yarbawa suna kiran dawa oka baba, kuma sun fi son ja don kamunsu, shi ya sa farafarar ma da ƙyar take shiga.

Da hira ta yi nisa sai na yi ƙarfin hali na ce, "Baffa, kun san abin da ake yi da dawar nan?"

Ya ɗauki goro ya ɓare, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Yaya ya faɗa musu tun ranar farko, shi ta malt yake kawowa, wanda ba ya bugarwa. Suka ce sun ji. Amma ƙofa ɗaya buhunan suke shiga, ni da idona na gani, shi ma ya gani." Ya ce a Zango maganar ta raba dillalai biyu. Akwai waɗanda suka ce ko sisin kamfanin ba za su taɓa ba, akwai masu cewa mai hatsi hatsi ya sayar. Baba yana tsakiya, kuma tsakiyar ba ta taɓa yi masa daɗi ba. Duk ƙarshen shekara kamfanin yana aiko wa masu kawo kaya kiret na kyauta, ko na malt ne Baba mayarwa yake yi. Bai taɓa shan ko ruwa a harabar ba.

Ban zo in yi wa mahaifina shari'a ba, kuma ba zan goge wannan daga labarin ba. Haka ya faru, haka zan rubuta.

Mota zuwa da dawowa 2,400. Goro da lemon zaƙi na Baffa 3,000.

Laraba, 22 ga Janairu

Kwana uku babu wuta a layinmu. Shafi 6 kawai na kwafe, da fitilar waya. Na sayi babban littafin rubutu da biro biyu, 1,800.

Asabar, 25 ga Janairu

Na je wurin. Baffa ya kwatanta mini da wata bishiyar mangwaro da gidan mai, duk biyun babu su yanzu. Bututun hayaƙin ne ya cece ni, na hango shi ta saman rufin gidaje, an yanke rabinsa. Babban zauren da injuna suke ya zama coci, kamar yadda masana'antu da yawa a Legas suka koma. Siton da ake jibge dawa an yanka shi shaguna, ana ajiye tayoyin mota. Na fito da hoton Baba na yi ta matsawa har na tsaya daidai inda ya tsaya. Kwalbatin da ke gefen ƙafarsa a hoton yana nan.

Mai gadin shagunan mutumin Maraɗi ne, bai fi shekara 6 a wurin ba, bai san komai game da kamfanin ba. Amma ya ce akwai wani tsoho Bayarabe da yakan zo lokaci-lokaci ya tsaya yana kallon bututun, kowa yana ce masa Baba Injiniya. Ya san layin gidansu. Na bar masa lambata, na ba shi 1,000 ya sa kati.

Alhamis, 30 ga Janairu

Na nemi izini a makaranta na shiga jirgin ƙasa na safe a layin dogon cikin Legas da ake kira jan layi, wanda ya fara jigila a Oktoban 2024, daga Agege zuwa Yaba. Na wuni a ɗakin karatu na ƙasa ina juya tsofaffin jaridu. Ma'aikaciyar da ke kula da sashen ta yi mini ƙoƙari, ta fito mini da ɗaurin 1987 zuwa 1989.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne bambancin girman talla. Manyan kamfanoni shafi guda suke cikawa. Dole su cika, sun riga kowa kafuwa: Nigerian Breweries an yi masa rajista a 1946, ya fitar da kwalbar Star ta farko daga Iganmu a 1949, ya kawo Maltina a 1976. Guinness kuma ya gina masana'antarsa a Ikeja tun farkon shekarun 1960, wadda ita ce ta farko da ya kafa a wajen Ailan da Ingila. Ƙananan sun biyo baya ne a zamanin da kuɗin fetur ya yi ambaliya, gwamnatocin jihohi da attajirai kowa yana son ya ga kwalba da sunan yankinsa. Duk an gina su ne a kan lissafin cewa jirgin ruwa zai ci gaba da kawo tsiron sha'ir da kayan gyaran inji a kan naira mai ƙarfi.

Kamfanin su Baba sau ɗaya na gan shi a wunin nan, ɗan talla ne da tafin hannuna zai rufe, a ƙasan shafin wasanni. Na ɗauki hotonsa. Jirgi, mota da abinci, 5,200.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Wannan mako ya zo mini da babbar riba da babbar asara, rana ɗaya.

Mai gadi ya kira ni ranar Juma'a, jiya Asabar na je gidan Baba Injiniya. Ya haura shekara 80. Na gaishe shi da Yarbanci, ya amsa mini da Hausar Kaduna garau, ashe a Kakuri ya koyi aiki yana saurayi. Da na nuna masa hoton sai ya sa yatsa a fuskar Baba ya ce, "Alhaji mai mayar da kiret." A lokacin ma Baba bai je Makka ba, amma haka suke kiransa. Sai da na kau da kai na ɗan lokaci.

Ya yi mini bayanin aikin tun daga farko, kuma duk wanda ya ga ana haɗa tsiro don kunun zaƙi zai gane rabinsa. A jiƙa ƙwaya, a shimfiɗa ta ta tsiro, a busar da ita da zafi, a karkaɗe saiwoyin, a niƙa, a dama da ruwan ɗumi har garin ya narke ya koma zaƙi, a tace, a tafasa. Daga nan hanya ta rabu. In an sa yis an bar shi ya yi tsami, giya ke nan. In ba a sa ba, aka ƙara launi da sukari aka ɗura a kwalba, malt ke nan. Na tambaye shi kai tsaye ko ana ware dawar Baba. Ya ce, "Ɗana, ba zan yi maka ƙarya ba. Tukunya ɗaya ce."

Sannan ya shiga abin da ya kira ciwon kamfanin. Injunansu duk don sha'ir aka ƙera su. Sha'ir yana da ɓawo, kuma ɓawon ne yake kwanciya a gindin tukunya ya zama rariya ruwan ya wuce. Dawa ba ta da irin wannan ɓawo, sai ta dunƙule kamar tuwo ta toshe komai. Tacewar da ake gamawa cikin 'yan sa'o'i sai ta kwashe wuni. Garin dawa kuma ba ya narkewa sai an ba shi zafi fiye da na sha'ir, ga shi sinadarin da ke cikin tsironta mai mayar da gari sukari bai kai na sha'ir ƙarfi ba, dole a sayo ƙari daga Turai da dala. Wato an hana su shigo da abu ɗaya, an tilasta musu shigo da wani. Ga laimar Legas, tsiro yana shimfiɗe fumfuna tana binsa. Ya ce har saiwar da tohon sai an karkaɗe sosai don suna da dafi, na ce masa wannan kowane makiyayi ya sani, shi ya sa ba a barin shanu su shiga gyauron dawa. Ya yi dariya ya ce su sai da Bature ya rubuto musu.

Manyan kamfanoni sun sayi sababbin injunan tacewa, sun ɗauki masana, sun haɗa kai da masu bincike irin na cibiyar aikin gona ta Samaru a Zariya, wadda ta fitar da irin dawar da ya fi dacewa da tsiro. Ƙaramin kamfani kuwa sai dabara da faci. Ɗanɗanon kayansu ya riƙa canzawa, na wannan mako daban da na mako mai zuwa, masu saye suka fara gudu. Ya ƙara da wani abu da ban taɓa tunaninsa ba, wato kwalba. Kwalba da kiret jari ne, kuma dole su dawo a wanke a sake cikawa. In kayanka ba sa tafiya da sauri, kwalabenka suna kwance a shagunan mutane, ko mata sun zuba gyaɗa da manja a ciki, kai kuma ba ka da abin ɗuri.

Sa'a biyu da rabi muna magana, duk ina ɗauka a waya. A hanyar dawowa, wajen sauka daga danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, a Pen Cinema, wayar ta suɓuce ta faɗa cikin kwata. Na tsamo ta, na kai wa mai gyara, ya buɗe ya busar, ya ce ƙwaƙwalwarta ta tafi. Muryar tsohon, da hoton tallan Yaba, da hotunan wurin, babu ko ɗaya. Jiya ban runtsa ba, na zauna na rubuta duk abin da na iya tunawa tun yana da ɗumi, shi ne abin da ke sama. Na san sunayen injuna da na mutane da yawa sun zube. Mai gyara 4,000. Wata wayar ta hannu 58,000, wadda ba ta cikin lissafi ko kusa.

Daga yau duk hirar da na ɗauka, kafin in tashi daga wurin zan tura wa Yaya a Kano ta WhatsApp.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na koma. Baba Injiniya yana kwance da zazzaɓi, 'yarsa ta ce in bari sai ya ji sauƙi. Na gaishe shi daga bakin ƙofa na bar masa lemo.

Amma tafiyar ba ta tashi a banza ba. 'Yar ta haɗa ni da wata dattijuwa Bahaushiya a bayan layinsu, wadda shekarun baya take sayen dusar da ake fitarwa bayan an tace. Da jiƙonta ake sayarwa, a rahusa. Ta ce su wajen goma ne, kowace da baronta, suna kai wa masu kiwon raguna da masu tsare shanu a wajen mayankar Oko-Oba. Da wannan dusa ta aurar da 'ya'ya biyu. Ranar da aka rufe ƙofa, ta ce, ba wanda ya sanar da su, sun zo da asuba suka tarar da sarƙa. Ta ce, "Ɗan nan, masu farar riga aka tara aka yi wa jawabi. Mu da 'yan dako kwana uku muna zuwa muna komawa."

A jaridun da na juya a Yaba ban ga mai dusa ko ɗan dako ko dillalin dawa ko ɗaya ba. In ban rubuta su ba ban ga mai rubutawa ba. Na ɗauki muryarta minti 40, na tura Kano kafin in sa takalmi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na gama littafi na biyu, 1990 zuwa 1992. Tireloli suna raguwa, kwanakin jiran biya suna ƙaruwa. Da mako biyu ne, ya koma wata biyu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Littafi na uku ruwa ya taɓa shi, tawadar gefen ƙasa ta bazu, shafuka 11 sun manne da juna. Na yi ƙoƙarin raba biyu da reza na yaga ɗaya, sai na tsaya. Wani mai ɗinkin littattafai a kusa da Markaz, makarantar Larabci ta nan Agege, ya ce in kawo, ya bi su da tururin ruwan zafi a hankali ya raba 9. Ya karɓi 3,500.

Wannan littafin ni ma ina cikinsa. A 1993, bayan an soke zaɓen 12 ga Yuni, gari ya ɗauki zafi, Hausawa da yawa suka kwashe iyali suka yi arewa. Ina da shekara 9. Na tuna an ɗora mu a bayan motar da ta sauke dawa, ni da Inna da Yaya, muna zaune a kan tamfal har Funtuwa. Ga shi a rubuce da hannun Baba, kuɗin motar iyali, a tsakanin lissafin buhuna. Shi bai tafi ba, ya zauna jiran kuɗinsa.

Sai 1994. Ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki daga watan Yuli har farkon Satumba, Legas ta tsaya cak. Babu man janareta, babu na tukunyar tururi, wutar NEPA kuma ba abin dogaro ba ce. Wannan yana cikin abin da na tuna daga bakin Baba Injiniya: dawa tana jiƙe an shimfiɗa ta, babu zafin busarwa, ta ruɓe a ƙasa har unguwa ta ɗauki wari. Dawar Baba ce, tirela uku. An ba shi cak biyu, banki ya dawo da su, suna nan cikin ƙunshin rasiɗan da jan hatimi a kansu. Kamfanin ya ɗan sake motsi bayan yajin, amma bai ƙara miƙewa ba.

Daga nan shafukan sunaye ne, mutanen da Baba ya ɗauki dawarsu bashi a Funtuwa da Bakori da Dandume. Kowane suna an ja masa layi, a gefe an sa ranar biya. Wasu sai bayan shekara 5. Na kai wa Inna na karanta mata, ta ce filinsa na Funtuwa ya sayar, da ɗan kunnenta na zinari da ita ta miƙa masa da kanta. Ta ce bai yarda ya je aikin hajji ba sai da kuɗin goro zalla.

Suna ɗaya ne babu layi a kansa. Mutumin Dandume ne, farafara buhu 40, ba a rubuta farashi ba.

Talata, 25 ga Fabrairu

Bayan magariba na sami limamin masallacinmu na karanta masa layin. Na ce, "Allah gafarta malam, ya za mu yi da wannan?" Ya ce maganar a fili take cikin Suratun Nisa'i, ba a raba gado sai an fitar da bashi da wasiyya. Ya ce da an yanke farashi a lokacin, da kuɗin ne bashin, duk da kuɗin 1994 yau ba zai sayi abin kirki ba, kuma kyautatawa ita ce a duba wannan. Tunda buhu aka rubuta, a tafi da maganar buhu, a nemi mutumin ko magadansa a yi sulhu a gaban shaidu. Ya ce mai yiwuwa ma an biya aka manta jan layi, amma ba a gina hukunci a kan mai yiwuwa.

Na kira Yaya da ƙannena, kowa ya yarda a dakatar da rabon.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi na takwas. Aikin ya ja baya, dare na tarawihi ne, rana ta makaranta. Na dai tsara abin da na tara zuwa babi huɗu a babban littafin. Baba Injiniya ya warke, ya ce in zo bayan salla.

Asabar, 15 ga Maris

Baffa ya sa wani direban albasa ya yi cigiya a kasuwar Dandume, shekaranjiya aka turo mini lamba. Mutumin ya rasu da daɗewa. Babban ɗansa ne ya ɗauka, na gabatar da kaina, na karanta masa layin kamar yadda yake. Ya ce shi bai san da zancen ba, amma bari ya kai wa tsohuwarsa. Na ji yana yi mata bayani, na ji ta ce, "Na Ikko mai goro? Ai malam ya sha faɗa, ya ce kamfani ne ya cinye su duka." Ko ya yafe ko bai yafe ba, ta ce ba ta ji da kunnenta ba. Ɗan ya ce su bakwai ne magada, ba zai yanke shi kaɗai ba, zai tara su ranar salla.

Abin da na kashe zuwa yau, har da waya, naira 80,400. Yaya ta turo 30,000.

Kwana uku bayan salla zan kama hanya da Baffa, mu kwana Funtuwa mu shiga Dandume ranar kasuwa, don mu ji farashin farafara da kunnenmu kafin a zauna. Zan tafi da littafin kansa, su ga hannun Baba. In na dawo akwai komawa Yaba in sake ɗaukar hoton tallan, da hira ta biyu da Baba Injiniya, wanda ya yi alkawarin haɗa ni da ɗaya daga cikin 'ya'yan mai kamfanin. Shafuka biyun da suka rage a manne suna wurin mai ɗinki, ya ce in leƙo ranar Litinin.